Amsa ga ƙanen da bakinsa ke mutuwa a aji

Ƙanena, ka ce kana aji biyu a jami'a nan Sakkwato, kana cin Turanci a rubuce, amma da malami ya ce tashi ka yi bayani sai bakinka ya mutu. Na sha wannan ruwan.

Ka tuna yadda muka taso. Ko sashen furuci na jarrabawar WAEC a takarda ake yin sa: ka zaɓi amsa ka cike da fensir, ba wanda zai ji muryarka. Daga gida zuwa kasuwa zuwa bayan ɗan kabu-kabu kuwa duk Hausa ce. To yaushe harshe zai saba?

Amma abin da ya fi daƙile mu shi ne junanmu. A ɗakin kwana ka ce za ka gwada Turanci, wani ya ce iyayi, wani ya raɗa maka Bature. Akwai kuma masu cewa Turanci ba ilimi ba ne. Gaskiya ne, sai dai da shi za ka kare aikinka na ƙarshe gaban malamai, da shi za ka tsaya gaban ɗalibai idan bautar ƙasa ta jefa ka Kudu. Ni ranar da na ce "fiful" maimakon people aka kwashe da dariya, wata guda ban ƙara ɗaga hannu ba. Ban san ba laifina ba ne: Hausa ba ta bambanta p da f, mu Sakkwatawa ma hwara muke cewa maimakon fara.

Abin da ya fisshe ni wani Bayarabe ne ɗan ajinmu. Muka yi yarjejeniya: bayan la'asar, rabin awa, shi ya koyi Hausa, ni in yi Turanci, ba dariya. (Shi ya fi ni cin riba, har ciniki ya iya.) Idan Jami'ar Usmanu Danfodiyo kake, jami'ar tarayya ce tun 1975, irin waɗannan abokan ba sa wuyar samu.

Ka riƙa ɗaukar muryarka a waya minti biyu kullum, kana bayanin darasin ranar. Farko za ka tsani abin da ka ji. Kada ka karya harshe kana kwaikwayon mutanen Ingila, gajerun jimloli sun isa. Sati mai zuwa ka yi tambaya guda a aji, ka dawo ka ba mu labari.