Firgita ta hana ni fita daga gida, ana warkewa?

Tambaya: Likita, wata 8 ke nan zuciyata kan hau bugawa haka kawai, numfashi ya sarƙe, in ji kamar zan mutu. An auna zuciyar an ce lafiya lau. Yanzu ba na shiga mota ko taro sai da rakiya. Ana warkewa kuwa?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Ana warkewa. Wannan ya yi kama da ciwon firgita da ya haifi tsoron fita, amma a fara auna jini a duba tayirod, wani ƙulli a gaban wuya da kan sa zuciya bugawa idan aikinsa ya yi yawa, ki kuma rage kofi.

A 1986 masanin halayyar ɗan'adam David Clark na Ingila ya bayyana yadda abin ke zagayawa. Zuciya ta ɗan buga, ki fassara shi da mutuwa, tsoro ya sa jiki ya saki adirenalin, sinadarin da ke shirya jiki gudu ko faɗa, bugun ya ƙaru, ki ce ga hujja. Abin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin minti 10, ya sauka da kansa.

Maganin gyaran tunani fassarar nan yake kamawa. Zama ne da ƙwararre sau ɗaya a mako, galibi kamar zama 12. Za ki riƙa rubuta abin da jiki ya ji da abin da kika yi zaton zai faru. Sai a gwada zaton: a gabansa ki yi numfashi da sauri na minti 1, ko ki juya a kan kujera har jiri ya kama ki, ki tsaya ki ga ko za ki faɗi. Jiri da tsikarin yatsu da saurin numfashi ke kawowa daga yawan fitar da iskar kabon ne. Suma tana zuwa ne idan jini ya sauka, firgita kuwa hawar da shi take yi.

Fita kuma hawa-hawa ce, daga ƙofar gida zuwa mota tasha ɗaya, kullum, ki zauna har tsoron ya lafa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne 'yan dabarun kariya: gorar ruwa a hannu, ƙwaya a jaka, zama kusa da ƙofa, ɗan rakiya. Muddin suna nan, zuciya za ta ce su suka cece ki, gwajin ya tashi a banza. A janye su ɗaya bayan ɗaya. Maganin kwantar da hankali na diazepam ma haka yake, ga shi ana sabawa da shi. Idan likita ya rubuta maganin SSRI, wato wani rukuni na magungunan ciwon damuwa, yakan ɗauki makonni kafin ya yi aiki, kada ki daina shi farat ɗaya.