Zanen yatsa kaɗai ya isa hujja a kotu?

Malam, ka tambaya ko zanen yatsan da aka samu a kwaɗon shagonka na Ƙofar Ƙaura ya isa a ɗaure wanda kake zargi. Gaskiya ba lallai ba ne. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a saurari ra'ayin ƙwararre, amma alƙali ne ke auna nauyinsa, kuma lauyan wanda ake tuhuma zai yi wa ƙwararren tambayoyi.

Wani abin da kotu ke dubawa shi ne hannun da kayan shaida suka ratsa: wa ya ɗauka, yaushe, wa ya ajiye. Da aka fasa shagona a nan Katsina, kafin 'yan sanda su iso maƙwabta masu jaje sun gama jujjuya kwaɗon, hujjar ta lalace. Don Allah ka tabbatar an rubuta sunan duk wanda ya taɓa naka.