Ruwan ɗorawa ko fari, wane fenti ya dace da falo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mun gama gini a Garin Malam nan Damagaram, saura fenti. Ni ruwan ɗorawa mai haske nake so a falo, maigida kuma ya kafe sai fari, wai ɗorawa tana ƙara zafi. Tagar falon yamma take kallo, ga yara masha Allah. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah sa alheri. Ki faɗa wa maigida zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ta kwanon rufi da bangon waje yake shigowa, can ne farin fenti ke da amfani don yana mayar da hasken rana, amma launin cikin ɗaki ba shi ke dafa mutum ba.

Abin dubawa shi ne ƙura da haske. Kin san hunturunmu, ko an rufe tagogi sai ƙura ta shigo, to fari tas ba ya rufa asiri, tun ba inda yara ke dafa hannu ba, ɗorawa kuwa launinta ya kusa da na ƙurar shi ya sa take ɓoye ta. Sai dai tagarku ta yamma ce, ranar la'asar da ma ja-ja take, in ta sauka kan ɗorawa mai kauri falon zai yi jawur ya gaji ido. Haka ƙwan lantarki, duba lambar launin haskensa a kwalinsa, mai 3000K (haske mai ja-ja) yana ƙara mata ja, mai 6500K (farin haske mai shuɗi-shuɗi) kuma wani lokacin sai ta koma kamar kore-kore.

Ni dai da falona ne ɗorawa mara kauri zan sa, wadda ta kusa ruwan madara, a bar silin fari don haske ya watsu, madafa da duk ɗakin da ke da ƙaramar taga su ma fari.

Kafin ku sayi bokiti ku sa mai fenti ya shafa kowanne kamar mita 1 a bango, ku duba da safe da la'asar da dare, don fenti in ya bazu a bango ya fi yadda ake ganinsa a takarda ƙarfi. In filasta sabuwa ce a bari ta yi kamar kwana 28 ta bushe sosai, a fara da farin shafi a ƙasa sannan ɗorawa sau 2, ita ba ta rufe siminti da wuri. Kuma don Allah ku nemi irin wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma saboda yaran nan.