Abin da mai gargara ke gani ba duba ba ne

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kin ce kafin rasuwarsa yana ta gaisawa da mahaifiyarsa da ta daɗe a ƙasa, har ya ce ba zai ga Juma'a ba, kuma bai gani ba. Shi ne kike tambaya ko wannan irin baiwar 'yan duba ce.

Ni dai a'a nake cewa. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin tsofaffi, na sha ganin haka. Akwai wata gwaggo da ta tashi da asuba garau bayan kwanaki ba ta magana, ta sa aka kira maƙwabciyarta ta biya ta kuɗin adashi, ta nuna inda likkafaninta yake a ƙasan adaka, sannan ta ce a matsa daga bakin ƙofa, yayarta da ta rasu na tsaye. Ba tsoro a fuskarta ko kaɗan. Kafin la'asar ta cika.

Ɗan duba iƙirari yake cewa yana da hanyar leƙa gaibu duk lokacin da ya so, don wasu, har a biya shi. Gwaggon nan ba ta nema ba, zuwa mata ya yi, kuma a kan kanta ya tsaya. Aya ta 34 a Suratu Luƙman ta rufe ƙofar sanin inda rai zai mutu, amma jin ajali ya matso daban ne. A daren Uhudu, Abdullahi bin Amr bin Haram ya gaya wa ɗansa Jabir yana ganin zai kasance cikin na farkon da za a kashe, ya bar masa wasiyyar bashi da 'yan'uwan Jabir ɗin mata. Hakan ta faru, kuma ba wanda ya kira shi boka.

Ba mu kaɗai ke gani ba. A 2014 likita Christopher Kerr na Buffalo a Amurka ya fitar da binciken da ya tambayi majinyatan da ke gab da mutuwa da kansu, mafi yawansu suka ce suna mafarki ko gane-gane, sau da yawa na mamatansu, kuma hankalinsu na kwanciya da hakan.

Amma don Allah a bambance shi da sambatu. In mara lafiya na fizge-fizge, yana firgita, bai gane kowa, a auna sugansa, a duba ƙoda da numfashinsa, sau da yawa magani na daidaita shi. Wanda kuwa ke cikin hayyacinsa irin Baba, kada a ce masa "daina faɗin haka". A saurare shi, a tambaye shi ko akwai bashi, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali.