Shi yana son babban gida a bakin gari, ni kuwa ƙarami kusa da makaranta

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari.

Shekararmu 11 da aure, duk a gidan haya muka yi su. Mun daɗe muna tari ni da maigidana, ya sa nasa in sa nawa, har Allah ya nufa kuɗin suka isa mu sayi na kanmu. To abin da ya kamata ya zama farin ciki shi ne yanzu ya hana mu hirar dare.

Muna zaune ne a irin garuruwan nan na gefen babban birni, inda ake kwana, gari na wayewa kowa ya kwarara cikin birni neman abinci. Gida biyu muka gani. Na farko yana sabuwar unguwa can bakin gari, ɗaki huɗu, ga fili, ga wurin ajiye mota. Amma hanya ɗaya ce tak take shiga, babu kwalta, kuma rabin unguwar filaye ne da kangaye. Dillali ya rantse mana nan da shekara biyu titi zai iso. Na biyun yana tsohuwar unguwa, ɗaki biyu da falo, yara za su iya takawa zuwa makaranta, ni ma minti 20 zai kai ni wurin aiki. Daga wancan kuwa sai na yi minti 50, shi ma in babu cunkoso. An yi wa ƙaramin sabon fenti daga ƙasa zuwa daidai gwiwa, kuma ɗaki ɗaya yana ɗan warin danshi, amma mai gidan ya ce don an daɗe ba a buɗe shi ba ne.

Kuɗinsu kusan ɗaya. Shi babban yake so, wai yaranmu uku suna girma, kuma yayansa ya ce masa unguwar za ta yi daraja. Da na ce ƙaramin, sai ya ce ba ni da hangen nesa. Dillali kuma ya hana mu sakat da waya, wai wani ya taya. Anti, in haƙura in bi shi, ko in kafe?

Maman yara uku

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a abin da kuka tara.

Na san kin rubuto ne kina fatan in goya miki baya, to ki yi haƙuri, da gidan da kike so zan fara. Maganar fentin nan da kika jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, ita ta fi tsaya mini a rai. Ba kasafai mai sayar da gida yake yi wa bango sabon fenti iya gwiwa don ado kawai ba. Yawanci abu biyu ake rufewa da shi: ko shatin da ambaliya ta bari, ko danshin da ke tasowa daga ƙasa yana bin bango, ya kumbura shafe, ya bar wani farin gari kamar gishiri. Ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, in an buɗe tagogi kwana biyu warin ya tafi. Wanda ruwa ke ƙarƙashinsa ba ya tafiya.

Tsofaffin unguwanni da yawa sun shiga wannan hali ba da laifinsu ba. Lokacin da aka gina su, kewayensu ƙasa ce tana shanye ruwan sama. Da gari ya bunƙasa aka rufe ƙasar da siminti da kwalta da rufin gidaje, sai ruwan ya rasa inda zai nutse, ya gangara wurin da ya fi kwari. Saboda haka ki koma can bayan an tafka ruwa, ba tare da kin sanar da mai gidan ba. Ki duba ko daɓen gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi. Ki kalli bangon maƙwabta, su ba sayarwa za su yi ba, ba su ɓoye komai ba. In kin ga kowane gida ya gina ɗan tudu a bakin ƙofa, kin sami amsa. Sannan ki kawo magininki, wanda ke za ki biya, ya ƙwanƙwasa bangon nan. In ya ce famfo ne ya tsiyaya, wannan gyara ne. In ya ce unguwar ce a kwari, ki cire ranki.

Yanzu babban gidan. Ku zauna ku yi lissafin nan tare. Ƙarin minti 30 zuwa, 30 dawowa, awa ɗaya ke nan kullum. Kwana biyar a mako, a ce mako 48 na aiki a shekara, awa 240. Wato kwana 10 cur, dare da rana, kina zaune cikin mota kowace shekara, ban da kuɗin mai ko na mota. Kuma ban ji kin faɗi wanda zai riƙa kai yara makaranta ba. Na lura a irin wannan gardama, wanda ya fi son nisa sau da yawa ba shi ne zai fi jigila ba.

Kada ki tsaya musu da shi a kan wannan, gani ya kori ji. Ki roƙe shi ku je unguwar da sassafe ranar Litinin, ku taso daga ƙofar gidan daidai lokacin da za ku riƙa fita, a sauke yara, a sauke ki, sannan ya wuce nasa aikin. Ku maimaita da yamma. Dillalai sun fi son kai mutum ranar hutu da hantsi, hanya fayau. Ku kuma leƙa da dare: akwai haske a layin? Waya tana kamawa a cikin ɗaki? In yaro ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare, minti nawa ne zuwa asibiti? Ku tsayar da wani mazaunin wurin, musamman mace mai yara, ku tambaye ta ruwa da wuta da shara. Ita ba ta da la'ada a cinikin, za ta faɗa muku gaskiya har da ƙari.

Akwai kuma abin da yayan mijinki bai hango ba. Cikar da yake fata unguwar ta yi, ita za ta ƙara motoci a kan hanya ɗayan nan, minti 50 ɗinki ya zarce awa. Titin da aka yi alkawari kuwa, rantsuwar dillali ba ta shimfiɗa kwalta. Ku je ofishin da ke kula da tsara gari ku nemi ganin taswirar wurin: shin titin yana ciki, an ba da aikinsa? A nan ne kuma za ku ga me aka ware wa filayen da ke kewaye da ku, don filin da ke shiru yau gobe yana iya zama gidan mai ko garejin gyaran mota jikin tagar ɗakinku.

Amma ki yi wa mijinki adalci. Yara uku a ɗaki ɗaya, nan da shekara biyar magana ce babba, balle in akwai maza da mata. Kuma gaskiya ne wasu sababbin unguwanni suna yin daraja, sai dai wanda ya saya ya ajiye shi ke iya jira, ku kuwa a ciki za ku yi jiran. In kin fara da amincewa da damuwarsa ta ɗakuna, zai fi sauraren taki ta hanya. Ku daina cewa gidana da gidanka, tun ba a saya ba kun raba.

Ba kuma dole ne sai ɗaya cikin biyun nan ba. Wanda ya yi shekara 11 yana haya, wata shida ba za su gagare shi ba. Ku nemi na uku, ɗaki uku a tsakatsaki, ko ƙarami mai filin da doka ta yarda a ƙara ɗaki. In shi ya nace da sabuwar unguwar, ku kama haya a can shekara guda ku ga rani da daminarta, kuɗinku na nan a ajiye. Batun wani ya taya kuwa, ko gaskiya ne, a bar masa.

Duk wanda kuka tsayar, kada ku ba da ko kafin alƙalami sai lauya ya bincika takardun a ofishin filaye, ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai shi kuma ba a jinginar da gidan ba. Tunda kuma guminki na ciki, ki yi maganar sa sunanki a takardar tun yanzu, cikin sanyin murya, kafin ranar sa hannu.

Anti