Yadda manhaja ke haɗa bayanan shafuka daban-daban

Malam, ka tambayi yadda manhaja ke tattara bayani daga shafukan intanet da yawa ba tare da ta rikice ba. Da farko sai ta tantance ko wane abu kowane suna yake nufi. Misali, Wikidata, wani rumbun bayanai na intanet da aka buɗe a 2012, tana ba kowane abu lambarsa: Najeriya Q1033, Nijar Q1032, ko da wane harshe aka rubuta sunan.

Wuyar aikin tana wajen da shafuka suka saɓa wa juna. Bin rinjaye kaɗai bai isa ba, domin shafuka goma na iya kwafo kuskure ɗaya daga wuri guda. Shi ya sa ake gano masu kwafe, a auna amincin kowace majiya, sannan a fifita wadda ta saba faɗin daidai.