Wa Zai Zauna a Bakin Tukunya?

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce ke da ƙawayenki uku za ku dafa wa mutum 200 abincin bikin ƙanwarki, ku gama tun daren jajibiri, ku zuba a kula, sai washegari da yamma a buɗe, kina tambayar yadda muke yi a da har abinci ya isa gaban baƙi da zafinsa. Na yi dariya har kawunki ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Amma da na kwanta, barci ya ƙi zuwa.

Ina da shekara 16 aka yi bikin yayata, mahaifiyarki tana rarrafe a lokacin. Kakarmu ce mai tukwane a kowane taro. Ba ta kwalliya, ba ta fita gaida kowa, sai dai ta ja kujerarta bakin murhu ta zauna. Idan abinci ya nuna, ta janye itacen ta bar garwashi a ƙasa, ta ɗora wani a kan murfi. Wadda za a kai nesa kuma, tana tafasa ake sauke ta, a naɗe ta da tsofaffin barguna, kuma ba mai ɗaga murfin sai an isa. Takan ce, "Duk wanda ya buɗe don ya leƙa, ya saci wuta."

To a ranar ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ta ɗora ni a kujerar. Na zauna kamar mutuniyar kirki, har na ji guɗa daga waje. Na ce bari in leƙa in dawo. Leƙen nan ya cinye mini tun azahar har bayan magariba, don ango ya makara, ni kuma sabon zanena yana son a gan shi. Da na dawo garwashi ya zama toka. Na taɓa cikin tukunyar shinkafa, ɗumi-ɗumi. Na shinshina, ƙamshi lafiya lau. Na hura wuta da sauri, na yayyafa ruwa, tururi ya tashi, aka zuzzuba wa mutane, ban gaya wa kowa ba. Kafin tsakar dare gida ya rikice da amai, har da ƙanwar ango da wani tsoho da aka riƙa yi wa fifita. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Kaka ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Ɗumi-ɗumi ruwan wankan jariri ne, ba abincin baƙo ba."

Sai da yayanki ya yi karatun aikin lafiya ya fassara mini maganarta. Ya ce tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, shi ya sa ake son abinci mai zafi ya zauna sama da 60, kuma idan ya sauko ƙasa da haka kada ya wuce awa 2 a ajiye. Ya ce shinkafa tana da wata ƙwayar da dahuwa ba ta kashe ta, idan ta samu ɗumi sai ta saki dafi, dafin kuma ko an sake tafasawa yana nan. Ka ji abin da na ɗura wa mutane. Babbar tukunyar nama ma tana da nata, shi kuwa sai wajen asuba yake murɗa ciki. Hanci ba ya jin ko ɗaya.

Kula ba wuta ba ce, 'yata, bargo ce mai murfi. Zafin da kika zuba mata shi take riƙewa, kuma a hankali yake zurarewa. Ta 'yan awoyi ce, daga dare zuwa yammar gobe kam kada ma ki soma. A yi yanke-yanke da gyaran nama tun jajibiri a sa a firji, a ɗora tukunya ranar da safe. Ki fara zuba wa kular tafasasshen ruwa ta ɗau zafi, ki zubar, sannan ki cika ta har baki, don rabin kula saurin hucewa take. Kwanukan ƙarfen nan da ake haya, masu ruwa da 'yar wuta a ƙasa, su ma ruwan zafi ake zuba musu da abinci mai zafi, ba sa ɗumama wanda ya huce. A riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, kada a juye sabo a kan ragowar tsoho. Yayanki yana da ɗan ma'aunin zafi da ake sokawa cikin abinci, ki karɓo.

Abin da ya fi damuna ma ba kula ba ne. Ku huɗun nan duk 'yan gaban goshin amarya ne, na san ku, da an ce a zo hoto ba mai waiwayen madafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yanzu kuna jin kunyar roƙon dangi, wai kada a ce kun takura wa mutane. Mu a da wadda aka ba tukunya ita aka girmama.

Ki gaya mini wa kuka ajiye wadda ba za ta ga shigowar amarya ba. In ba ku samu ba, ku tanadar mini kujera mai jingina, gwiwata ba ta son ta tsugunno. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce ta kira ni bayan isha'i.